Randar Gurgen

Mijina Gurgen, Allah ya jiƙansa, shekara arba'in ya yi yana gyaran takalma a bakin kasuwar Samarkand, kuma ban taɓa ganin abin da ya yarda da shi kamar tsohuwar giya ba. Ranar da na haifi 'yarmu Hasmik, ina ɗaki ina nishi, shi yana tsakar gida yana haƙa rami. Ya binne randa cike da jar giyar inabi, ya rufe bakinta da faifan dutse, ya shafe da yumɓu, yadda mu Armeniyawa muka gada. Ba a buɗewa sai ranar auren yarinya.

Ni kuwa na ɗauki tallan randar nan a ka. Babu matar unguwa da ban cika wa baki ba.

To, Hasmik ba ta yi aure ba sai da ta shekara talatin da huɗu. Mace mai ciwon gwiwa ina ta ga wannan haƙuri? A shekara ta tara na fara. Sanyi na shigowa, maigida na fita kasuwa, sai in ɓamɓare yumɓun, in ɗebi ludayi biyu, in mayar da dutsen, in shafe tsaf. Daɗinta a lokacin ba a magana. Na san duk buɗewa iska ke shiga, na kuma san iska ce ajalin giya, amma na ce ludayi biyu ai ba sata ba ce. Da ta fara tsami sai na daina, na ce wa raina manyanta ce ta zo mata.

Ranar biki Gurgen ya sa sabon kwat, ya fasa yumɓun a gaban jama'a, ya zuba wa uban ango, Aramayis, kofin farko. Bawan Allah ya kurɓa, idonsa ya kawo ruwa.

"Suruki," ya ce, "wannan giyar ta ga duniya."

Matarsa ta shinshina kofin, ta dube ni. "Siranush, a miƙo albasar tsiren nan a zuba mata wannan tsamin, kada a yi asara."

Haka aka yi. Gadon shekara talatin da huɗu ya ƙare a kan albasa.

Washegari na tarar da Gurgen zaune a bakin ramin.

"Siranush, kakanninmu ƙarya suka yi mana. Tsufa ba ya gyara giya."

"Kai ma bai gyara ka ba, maigida," na ce.

Ya yi dariya har da tari. A nan ya kamata in faɗi gaskiya, amma ga mutum yana dariya, wa zai ɓata masa?

Shekara shida ya ƙara a duniya yana yi wa duk mai kawo takalmi wa'azi: a sha giya a shekararta. Babu wanda ya sake binne randa a layinmu. Ya tafi yana zargin kakanninsa, na bar su da laifin. Sun fi ni iya ɗauka.