Buhunan da muka farke da hannunmu

An cuce mu a siton zoɓo, kuma mu muka yi godiya.

Shekarun baya ina cikin matan da ke tsintar zoɓo a wani sito a Dutse, ana biyanmu a kan kowane buhu. Da aka sanar da sabon mafi ƙarancin albashi a rediyo, mai siton ya tara mu ya ce shi mai bin doka ne, ya ƙara kuɗin buhu. Ya kawo sababbin buhuna, tsofaffin kuma ya raba mana kyauta. Muka yi ta sa masa albarka. Ni sarkin wayo, a ranar na farke nawa na yi shimfiɗar shanya kuɓewa.

Sai aiki ya ƙi ƙarewa. Buhun da nake cikawa kafin azahar ya koma sai la'asar, abin da nake kaiwa gida bai kai na da ba.

Ƙanena da ke karatu a Kafin Hausa ya zo hutu. Na kai masa abinci zaure, na tarar suna musu da wani abokinsa. Shi yana cewa doka ta ɗaga ladan ma'aikata, ga yayarsa shaida. Abokin yana cewa korar mutane kawai take jawowa. Na ce duk su yi min shiru, buhun aka ƙara wa ciki. Na roƙi ƙanena ya raka mu ofishin ƙwadago, tunda ya iya bakinsu.

Ya ce, "Yaya, tsohon buhun kilo nawa yake ci?"

Na ce ban sani ba, amma bayana ya sani.

"Ciwon baya ba hujja ba ne, Yaya. Kawo tsohon buhu ɗaya a gwada."

Yammacin nan na zaga unguwarmu Yalwawa gida-gida, ina neman tsohon buhu wurin abokan aikina. Wata ta rufe akurkin kaji da nata, wata ta yi labulen bayi. Ko ɗaya bai tsira ba. Ƙanena bai raka mu ba.

Na daɗe ina jin haushinsa, har yau ma bai gama sauka ba. Amma abin da ya fi ƙona min rai, sikeli na nan a bakin ƙofar siton kullum, ina wuce shi kamar turmin maƙwabta.

Washegari ban je sito ba. Na yafa mayafi na tafi ajin yaƙi da jahilci, da furfurata. Na ce wa malamar ta ajiye baƙaƙen tukuna, ta fara koya min karanta sikeli.