Geron Inna a Bayan Aji

Malam Zayyad malamin firamare ne a Anka, amma kana ganin tafin hannunsa ka san fartanya ce ta raine shi. A wani ƙauye kusa da Nasarawa Burkullu aka haife shi, can ya fara koyarwa, safiya aji, yamma gona. Da ɓarayin daji suka hana noma, ya kwaso iyalinsa suka dawo gari, ɗakin haya, ko wurin dasa barkono babu. Abin da ya tsira da shi daga gida gora ɗaya ce ta irin gero, cakuɗe da toka, wanda Innarsa ta zaɓa da hannunta kafin ta rasu. Gero ne mai doguwar zangarniya da zaƙi, bai taɓa ganin irinsa a kasuwa ba.

Kewar gida ta ci shi ƙwarai. Ko hadari ya haɗo sai ka gan shi bakin taga yana kallon sama, alli a hannu.

'Yan ajinsa yawancinsu 'ya'yan manoma ne da aka koro, amma a gari suka yi wayo. Tambaye su inda tuwo yake fitowa, su ce injin niƙa. Wannan abu yana ƙona masa rai. Kullum yana faɗa a kan alewa da lemon leda, yana yi musu wa'azin wake da zogale da fura, suna hamma. Sai ya ga surutu ba zai yi ba, ya roƙi hedimasta ɗan filin bayan aji. Irin ya fara tsufa, idan ya ƙara shekara a gora mutuwa zai yi, don haka ya juye shi duka a ƙasa.

Kaɗan ne ya tsiro. Yaran kuwa suka ɗauki abin da zafi, su yi ciyawa, su kori awaki, su kaɗa gwangwani saboda tsuntsaye, har cikin hutu. Da geron ya fara nuna, Malam ya zaga ya ƙulla ganye a wuyan manyan zangarniyoyi. A ƙauyensu ko yaron da bai iya ɗaura wando ba ya san wannan ƙulli: iri ne, ba a taɓawa. Bai ko yi tunanin ya faɗa ba. Sauran ya ce su gasa tumu, wato ɗanyen gero a wuta, suka cinye tas.

Ran nan ya dawo daga taron malamai ya hango hayaƙi a bayan aji. Mubina, shugabar ajin, ta tarye shi da gudu, baki duk baƙi, ta miƙo masa zangarniya mafi girma a gashe.

"Malam, ga naka. Shi munka aje maka."

Ya dubi filin. Karare tsaye, ba kai ko ɗaya.

"Ba ku ga ƙullin da niy yi ba?"

"Mun gani, Malam. Cewa munka yi su ne kaz zaɓa muna, don sun hi girma."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya rasa wanda zai yi wa. Wa ya taɓa kai su gona balle su sani? Ya zauna a kan dutse, ya murza geron a tafin hannu, ya hure, ya zuba a baki. Zaƙin nan ne, na gidansu, bai canja ba. Yana taunawa a hankali, ba ya son ya haɗiye.

"Malam," in ji Mubina, "baɗi ma wanga za mu shuka, ko?"