Rumbun Baba a hasken Anasara

Shekarar da yunwa ta sa muke cin anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, ce aka kawo mana Anasara mai fitilu. Bafaranshe ne, wai a ƙasarsu shi ke haska manyan gidaje da wuraren wasa, har kamfani gare shi. Muna zuba ido ga motar hatsi, sai ga mota shaƙe da wayoyi. Allah mai iko.

Wani babban soja ne zai zaga ƙauyukan Tasawa ya ga inda yunwa ta fi tsanani, can za a sauke taimako. Namu ƙauyen da magariba zai iso, manya kuwa suka ce ba a tarbar soja cikin duhu.

Mutumin ya iya aikinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya zaga gari yana ƙanƙance ido, ya wuce rijiyar da ta ƙafe, ya tsaya cak gaban rumbun Baba. Ƙaton rumbun ƙasa ne, Baba na yaɓe shi kowace shekara ko ba abin zubawa, don a wurinsa rumbu mai tsaga tonon asirin gida ne. Cikinsa kam ko ɓera ya yi ƙaura.

"Malam, ka ɗage murfin su gani," Inna ta ce ma Baba.

"Su ga mi? Ni in buɗe ma baƙo cikina?"

Anasara ya jera fitilu a gindin rumbun, ya rufe su da gilashi ruwan zuma, ya tada inji da man gazuwal ɗin da mai niƙan garinmu ya daɗe bai gani ba. Da hasken ya tashi, wallahi ni kaina sai na ji kamar mun ƙoshi.

Soja ya sauko, ya ƙare wa rumbun kallo, ya dafa kafaɗar Baba.

"Madalla, tsoho. Da kowa ya yi tanadi irin naka, da ba mu sha wannan wahala ba."

Baba ya ce, "Ranka shi daɗe," ya sunkuyar da kai. Ina zai ƙaryata mai yabonsa a gaban jama'a?

Hatsin ya wuce zuwa ƙauyen gaba, masu sa'a, su da acibalbal suka yi tasu tarbar. Anasara ya naɗe wayoyinsa, daga baya ya aiko mana hoto, ɗan halak.

Hoton na wurina, kuma har yau haushinsa nake ji, na kasa jefar da shi. A gefen rumbun ga ƙanwata tana dariya, haske ya cika mata kumatu. Shi kaɗai ne hotonta da muke da shi. Ba ta ga damina ba.