Ranar da nic ce ma dattijon matuƙi a'a

Kai jama'a, mil takwas hwa! Mil takwas ya rage tsakanin jiragen nan biyu, ni kuma bakina ya ƙi buɗewa. Bari in koma baya, don na san na yi gaba na bar ku.

Ni ɗan Filinge ne. Tun ina lise, wato sakandare, nake bin jiragen da ka ratsa ƙasarmu ta Kurhwai a waya, ni kaɗai nik koya ma kaina karatun taswirarsu, har nic ci konkur, jarrabawar shiga aikin. Bara da damina anka sa ni staj, wato koyon aiki, a ɗakin radar, inda ake jera jiragen da ka zuwa sauka. Ɗan staj shi ka magana da matuƙa, amma akwai mai koyarwa zaune bayanshi da nata maɓallin magana. Tawa Madam Ramatu ce, Bazabarma, ba ta dariya bisa aiki. Ƙa'idarta guda: in ta amshe maka magana sau uku, ka koma aji wata uku. Ni an amshe mini sau biyu.

Ga dokar a taƙaice. Jirgi in ya sauko ƙasa da ƙahwa dubu goma, gudunshi ba ya wuce 250 a awonsu, wato sama da kilomita 450 a awa. Mai radar na iya rage mashi hiye da haka. Kuma tazarar jirgi da jirgi ba ta kasa mil biyar.

Ranar Talata ce bayan azahar, hadari ya haɗo daga gabas. Ƙaramin jirgi mai farfela na gaba, yana tahiya sannu. Babba ya biyo shi daga arewa, na ga ɗigonshi bisa allo ya wuce daidai garin Bonkuku yana saukowa. Nic ce mashi shi rage zuwa 220.

Sai muryar ta zo. Dattijo ne, magana a natse, kamar kawuna limamin unguwarmu. Yac ce yana roƙon a bar shi da gudunshi na 300 har shi matso, yana son sauka kahin hadarin.

Kun san gida. Babba in ya yi magana, yaro ba ya ce mashi a'a. Ka ce "to", ka hita, ka nemo gwaggo ko wani aminin tsohon shi je shi gyara zancen. Wallahi ban san sa'ad da "to" ɗin ta hita ba, da Faransanci, cikin makirho.

Lambar tazara ta hwara sauka. Sha biyu. Goma. Ta kai takwas, sai nig ga kaina na ɗauke ido daga allon, abin da anka hana mu tun ranar hwarko, na waiwaya ina kallon Madam.

Yatsanta na bisa maɓalli, ba ta danna ba. Tac ce a hankali, "Mi kake kallona, Isuhu? Ni ba gwaggonka ba ce."

Nij juya. Bakwai. Nic ce mashi a'a, shi rage zuwa 220 yanzu, shi karkata dama, akwai ƙaramin jirgi gabanshi. Ina jiran hwaɗa. Sai dattijon ya maimaita umurnin kalma bayan kalma, kamar yadda doka ta ce, ba ko ɗigon hushi. Lambar ta taɓa shida, ta tsaya nan, sannan ta hwara hawa.

Kewayen da nis sa shi ya ci mashi mintoci, ya sauka iska ta riga ta taso. Da nim miƙa shi ga masu hasumiyar hilin jirgi, godiya kawai ya yi.

Bayan an canje mu Madam ta kira ni. Tac ce ba za ta lissahta shi na uku ba tunda ba ta danna ba, amma ta rubuta a takardata cewa na yi latti, kuma shef, shugabanmu, zai gani. Ta ƙara da cewa matuƙin nan ba ya ganin abin da ke gabanshi cikin gajimare, ni ka gani. Tambaya ya yi don in ba shi gaskiya, ni kuma nib ba shi ladabi, da mutane cike da jirgi bayanshi.

Har yanzu in murya mai hurhura ta shigo kunnena, "to" ce ka hwara zuwa bakina, sai na haɗiye ta. Ku hwa, a gidan likita, a tasha, ko a lakkol, wato makaranta, wane babba aiki ya taɓa tilasta muku ku ce ma a'a? Ya kunka yi da bakinku?