Gatan da Aka Yi wa Jirgin Kyaftin

A garejin da ke ƙarshen layin masu walda ba wanda ke kiransa da sunansa na gaskiya. Kyaftin suke ce masa, kuma ba don girmamawa suka laƙaba masa ba. Mutum ne da ya shekara arba'in yana fentin mota, bai taɓa taka matakalar jirgin sama ba, amma a bayan gidansa akwai wani ɗaki mai taga ɗaya inda yake ƙera jiragen yaƙi na katako, irin waɗanda ake sa wa ƙaramin inji a tuƙa su daga ƙasa da rimot. Idan ya iso gareji da safe, mai bugun jikin mota da ake kira Guduma sai ya ƙame ya sara masa.

"Kyaftin, jiya ƙasa nawa aka ci da yaƙi?"

A kwashe da dariya. Shi kuwa ya rataye rigarsa a ƙusa, ya ɗauki bindigar feshi, ko kallo ba su ishe shi ba.

Garejin nasu ne shi da ƙaninsa Auta, wanda shi ya koya wa sana'ar tun daga riƙon samfefa. A fenti kam ba a ja da Kyaftin. Ya kalli ƙofar mota sau ɗaya, ya shiga ya haɗa launi, a fesa, mai motar da kansa ya kasa nuna inda aka taɓa. Sai dai aikin bai taɓa kwanta masa a rai ba. Kullum zancen ɗaya ne: a kawo tsohuwar mota da ta sha duniya, a ce ya rufa mata asiri ta fito kamar yau aka sauke ta. Shi a ganinsa ƙarya yake fesawa ana biyansa.

Yana ɗan shekara talatin da 'yan kai wani likitan haƙori ya kawo masa mota, a bayanta akwai ɗan jirgin katako mai karyayyen fiffike. Kyaftin ya yi ta jujjuya fiffiken har ya manta da motar. Likitan ya ga haka, ranar hutu ya ɗauke shi ya kai shi filin bayan gari inda masu wannan sha'awa ke taruwa. Tun daga ranar ya kamu, bai kuma warke ba.

A wurin mutanen filin, ƙera jirgi rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne tsufar da shi. Jirgin yaƙi na gaske ba ya ƙyalli: rana ta cinye launinsa, hayaƙin inji ya ja masa baƙi a gefe, fenti ya ɓare a inda takalmin matuƙi ke takawa, mai ya tsiyaya ya bushe a ƙarƙashin ciki. Gwani shi ne wanda zai sa sabon katako ya yi kama da ƙarfen da ya sha wuya. Wannan kuwa mutanen gareji ba su sani ba, don Kyaftin bai taɓa gaya musu ba. Sau biyu ya gayyaci Auta filin, sau biyu Auta ya ce yana da abin yi, daga nan ya ja bakinsa ya rufe ɗakinsa da kwaɗo. Yana da girman kai, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma wanda aka shekara talatin ana yi wa dariya, ba a tsammanin ya yi ta bin mutane da bayani.

Jirginsa na ƙarshe shekara uku ya ci. Faɗinsa daga fiffike zuwa fiffike ya fi dogon mutum tsawo, sai an cire fikafikan yake fita ta ƙofa. Jirgin gaske da ƙananan ƙusoshi ake haɗa jikinsa, saboda haka Kyaftin ya cika sirinji da gam ya bi layi yana ɗiga kan ƙusa ɗaya bayan ɗaya, sama da dubu ashirin, wata takwas yana abu ɗaya. Sannan ya shimfiɗa ruwan azurfa, ya bi da kore a sama, ya ɗauki tsinin allura yana ɓare koren a wuraren da hannu da takalmi za su ci. Baƙin hayaƙi da garin gawayi ya yi shi, da ɗan yatsa. Kowane shafi na fenti sai ya ɗora jirgin a sikeli, domin fenti nauyi ne, jirgi kuwa ba ya yafe nauyi, balle a wutsiya.

Sikelin na matarsa ne, na ɗakin girki. Ranar da ta zo karɓa ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Maigida, da ni ka ba rabin kulawar nan, da yanzu na koma 'yar shekara ashirin."

"Ki gode wa Allah," ya ce, bai ɗago ba. "Shi tsufa nake ƙara masa."

Ya san wannan jirgin na ƙarshe ne domin yanar ido ta fara rufe masa gani. A shekarar ƙarshe hancinsa har gogar fiffiken yake yi, da gilashin ƙara girma a hannu, yana aiki rabi da ido rabi da yatsa. Abin da yake so bai da yawa. Duk shekara ana babban taro a filin, alƙalai su zo da hotunan jiragen gaske, su durƙusa su gwada su da na katako kafin a tashe su sama. Sau huɗu yana zuwa na biyu. Yana so sau ɗaya kafin ya ajiye sirinji, mutanen da suka san abin su sunkuya a kan aikinsa su rasa ta cewa.

Ya gama jirgin saura mako uku taro. A makon ne kuma 'yarsa ta fari ta tsare shi, ta ce ta gaji da gobe da jibi, ta riga ta karɓar masa ranar aikin ido a asibiti. Likita ya ce bayan aiki sai ya yi mako biyu ba ƙura, ba warin fenti. Shi da matarsa suka tattara suka koma gidan 'yar. Da hannunsa ya miƙa wa Auta makullan gida.

"Ka riƙa leƙa ɗakin baya. Rufin yana yoyo idan an yi ruwa."

"An gama, Yaya."

Aiki ya yi kyau. Ranar da aka cire bandeji ya ga furfurar matarsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce ashe haka ta yi yawa, ta ce shi ya jawo ta. A hanyar komawa gida yana karanta allunan shaguna da ƙarfi kamar ɗan makaranta. Murnarsa ɗaya ce: yau zai ga jirginsa sarai da ido, karon farko tun da ya gama shi.

Hancinsa ne ya riga idonsa. Tun daga bakin ƙofar gida ya ji ƙanshin man ƙyallin da ake fesa wa mota a shafin ƙarshe, ƙanshin da ya fi sani a duniya. Ya ƙara sauri. A tsakar gida ya tarar da Auta da Guduma da sauran ma'aikatan gareji biyu, kowa baki har kunne. A tsakiyarsu, kan tebur, ga wani abu an lulluɓe da rigar mota.

"Sannu da zuwa, Yaya," in ji Auta. "Mun yi maka wata 'yar bajinta. Guduma, ja."

Guduma ya ja.

Kore ne shar, santsi kamar kwalba, rana na rawa a kansa. Kyaftin ya ga fuskarsa a jikin fiffiken, da baki a buɗe. Babu baƙin hayaƙi. Babu ɓarewa ko ɗaya. Ya kai hannu ya shafa inda layin ƙusoshi yake, yatsansa ya zame bai ci karo da komai ba.

"Wallahi da na shiga na gan shi sai da na yi hawaye," Auta ya ce. "Na ce ashe haka idon Yaya ya lalace muna zaune. Duk ya kakkarce, ga dauɗa, ga wasu ƙuraje na gam ko'ina a jiki. Na ce ba za ka kai wannan gaban mutane a yi maka dariya ba, ina raye."

"Kwana shida muka rufe gareji," in ji Guduma. "Ni da nake tsokanarka, ni na yi fikafikan. Shafi huɗu, Kyaftin! Ko motar amarya ba ta samu haka ba."

Matarsa ta dafe baki. Ita ta san abin da wata takwas ɗin nan suka ci, don ita ke kai masa abinci ya huce a bakin ƙofa. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu.

Ya sa yatsa ɗaya a ƙarƙashin kowane fiffike ya ɗaga, yadda ake gwada daidaiton jirgi. Da ƙyar ya tashi daga tebur, wutsiyar kuwa ta faɗi ƙasa tim. Wannan ko an sa masa injin babur ba zai tashi ya sauka lafiya ba. Ya mayar da shi a hankali. Sauran fata ɗaya ya rage masa. Ya juya bayan fiffike inda ba a gani, ya kafa farce ya karce, ko aikinsa yana nan kwance a ƙarƙashi. Koren ya ɓare, sai ga toka-tokar fentin shimfiɗa, a ƙarƙashinta kuma farin katako.

"Kai, Yaya, kar ka ɓata mana!" Auta ya yi dariya. "Kana duba ko mun yi ha'inci ne? Sai da muka goge shi tas har katako. Ba kai ka ce wanda ya fesa sabo a kan tsoho ɓarawo ne ba?"

Shi ya ce. Da bakinsa, sau ba adadi.

"Ai mun saba," Guduma ya ƙara, cikin jin daɗi. "Shekara guda ke nan duk motar da ka fesa, kana tafiya gida muke gogewa mu sake. Ka taɓa ganewa?"

Auta ya harare shi, amma magana ta riga ta fita. Kyaftin ya dubi ƙaninsa, da sabon idon nan da ba ya ɓoye komai, ya ga babu mugunta a fuskarsa ko ƙwayar zarra. Tausayi ne zalla. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Da maƙiyi ne ya yi masa haka da ya san inda zai kai ƙara, da ya yi zagi ya huce. Amma ga mutum huɗu sun bar abincinsu na kwana shida saboda shi, suna tsaye suna jiran ya yaba.

Ya sake shafa fiffiken da tafin hannu.

"Fentin ya kwanta," ya ce. "Babu ɗigo. Allah ya saka da alheri."

Suka ce amin da ƙarfi.

Bai je taron ba. Ya ce musu likita ya hana shi shiga rana, suka yarda. Wani daga mutanen filin ya kira shi a waya sau uku yana tambayar ina jirgin da aka shekara uku ana jin labarinsa, a na huɗu Kyaftin bai ɗauka ba. Matarsa ta so ta je ta wanke Auta tas, ya rantse mata idan ta faɗa masa gaskiya ba zai yafe ba. Ya fi so ya ci baƙin cikinsa shi kaɗai da ya ga ƙaninsa ya gane abin da ya aikata. Sirinji da allurai ya zuba su a kwali. Ido ya dawo, amma shekara uku ba sa dawowa ga ɗan sittin da biyar, kuma ko sun dawo zuciyar ta riga ta mutu.

A gareji ma bai sake ɗaukar bindigar feshi ba, duk da yanzu yana ganin launi fiye da kowa a wurin. Duk sanda ya kai hannu sai ya tuna ana jira ya tafi gida. Ya koma zama a benci yana karɓar baƙi.

Da Auta ya ga jirgin yana zaune a gida ba amfani, sai ya roƙa a ba shi, ya ɗaure shi da waya a saman ƙofar gareji. Ya kuwa jawo kasuwa. Mutane suna tsayawa su ɗaga kai, su ce wanda ya yi wannan ƙyallin shi zai fesa musu mota. Auta kuma mutum ne mai kara, ba ya cin yabon da yake ganin na babba ne. Sai ya nuna benci da alfahari.

"Aikin Yayana ne. Shekara uku ya yi a kansa."

Baƙon ya juyo ya ce, "Kai, Baba, hannunka da albarka."

Kyaftin ya gyaɗa kai. Wasu ranakun sau goma yake gyaɗawa.