Sa Hannu na Huɗu a Takardar Kawu Ilu

Kun dai san Kawu Ilu. Ko gaishe shi ka yi sai ya ce, "Wa ya aiko ka?" Kyamarar kwamfutarsa kuwa filasta uku ya manna mata, wai bai yarda da guda ɗaya ba.

Shi ya rubuta 'yar manhajar nan mai juya kwanan watan Musulunci zuwa na Turawa, ya sake ta kyauta a intanet, kowa ya ɗauka ya gyara. Rannan ya gano wani kamfani ya cusa ta cikin kayansa yana sayarwa, ko sannu babu. Tabɗi! Ranar ko kifin da ya sayo a kasuwar Kado bai iya ci ba.

Ya ce, "Lasisi zan canja. Duk wanda ya ɗauki nawa, dole shi ma ya buɗe nasa."

Na ce, "Kawu, ai sai duk waɗanda suka taɓa yin gyara a ciki sun yarda. Mu tura musu imel."

"Imel? Ka taɓa ganin fuskar imel? Takarda da biro, a gabana!"

Su huɗu ne. Uku mun bi su har inda suke. Wani injiniya a Idu sau biyu Kawu ya sa shi ya sa hannu, ya tsaya yana gwada ko sun yi daidai da juna. Bawan Allah ya ce, "Oga, ko banki ba sa yi min haka." Kawu ya ce, "Shi ya sa ake damfararsu."

Na huɗun ne ya tsaya masa a rai: wani mai kiran kansa Baƙo a intanet, da ya gyara kuskure ɗaya a lissafin Zulhajji ya ɓace. In babu sa hannunsa, babu sabon lasisi. Kawu ya rantse ɗan leƙen asirin kamfanin ne. Ya zarge ni, ya zargi maƙwabcinsa na Jikwoyi, har liman bai tsira ba! Na ce to ya goge gyaran ya rubuta nasa mana. Ya ce, "Gyaran ɗan banzan ya fi nawa kyau."

Haka Kawu ya rasu, takardar na cikin jakarsa.

Ranar sadakar uku matarsa, Anti Rabi, mai aikin kwamfuta a ma'aikatar gwamnati, ta miƙo min takardar. An cike gurbi na huɗu.

Ta ce, "Ni ce Baƙo. Sau uku ina nuna masa kuskuren, yana cewa wa ya aiko ni. Kullum ina cewa gobe zan faɗa masa."

Na ce, "Anti, ya ce gyaranki ya fi nasa kyau."

Ta fara dariya, ta ƙare da kuka. Ni ma na kasa daurewa.

A satin na canja lasisin. Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya sa ya huta inda babu sauran abin zargi.