Najiba Mai Naɗe Laima da Hannun Surukinta

Najiba ba ta taɓa neman shawarar kowa kan abin da za ta yi da rayuwarta ba. Da sassafe take fita daga gidansu a Woodbridge, ta ratsa gonakin masara da makiyayar dawakai, har ta isa wani ƙaramin filin jirgin sama inda mutane ke zuwa su diro daga sama da laima. A nan take aiki. Ita ke naɗe laimomin, ita ke duba ɗinkinsu, ita ce kuma ke horar da sababbin ɗalibai a ƙasa kafin a bar su su hau jirgi.

'Yar tela ce daga Tudun Wadan Zariya. Tun ƙafarta ba ta kai matakin keken ɗinki ba take iya bambance ɗinkin da zai riƙe da wanda zai ɓalle. Karatun injiniya ne ya kawo ta Amurka, ta gama ta samu aiki a wani ofis a Germantown, ta yi shekaru tana zana sassan injinan da ba ta taɓa gani da idonta ba. Wata rana abokan aikinta suka ja ta zuwa filin nan don nishaɗi. Aka ɗaure ta a jikin wata ƙwararriya suka diro tare. Da aka sauka kowa na ta ihu da ɗaukar hoto, ita kuwa ta tsaya a bakin rumfar jirgi tana kallon wata mata a durƙushe, tana lallaɓa yadi mai faɗin ɗaki cikin jakar da ba ta fi matashin kai ba. Mako na gaba ta dawo ita kaɗai. Ta fara da naɗi, ta samu lasisin gyara da ɗinki, daga baya na koyarwa. Ranar da ta ajiye aikin ofis ko waiwaye ba ta yi ba.

Mutanenmu na nan ba su bar ta ta huta ba. A wajen suna ko walima a Bowie, sai ta ji ana cewa an turo yarinya karatu ta ɓige da ninke tanti. Matar wani likita ta taɓa tambayar ta a gaban mutane, wai ina take kai mayafinta in tana faɗowa daga sama. Najiba ta ce mayafin yana ƙarƙashin kwalkwali, in kuma Hajiya na son ta tabbatar, akwai wurin mutum ɗaya a jirgin Asabar. Ba a sake yi mata wannan tambayar ba. Mijinta Munzali, mai harhaɗa magunguna ne, ya aure ta yana sane da komai. Shi ko tsani ya hau jiri yake ji, amma bai taɓa cewa ta bari ba.

Mutum ɗaya ne a duniya take sunkuyar wa da kai: surukinta, Baba Maitama. Kunyar surukuta ta riƙe ta cif, kuma ba wanda ya tilasta mata. Ba ta faɗar sunansa, ba ta cin abinci a gabansa, in za ta gaishe shi har ƙasa take durƙusawa. Ko suna falo ɗaya, ta bakin Munzali suke magana. Ta ce a tambayi Baba ko a ƙaro miya, shi kuma ya ce a gaya mata ta isa. Cikin abubuwan gida da ta zo da su, wannan ne ta fi ji da shi.

Baba Maitama ya zo daga Katsina da bazara don ya ga jikoki. Tsohon sajan-manjo ne, kuma a ƙuruciyarsa yana cikin sojojin laima. Da ya ji ainihin aikin surukarsa, bai yamutsa fuska yadda sauran suke yi ba. Zama ya gyara. Ya sa Munzali ya tambaye ta irin yadin da ake yi da shi yanzu, da yadda ake juya laima mai kusurwa huɗu, don su a zamaninsu mai zagaye ce, inda iska ta ga dama nan take ajiye ka. Najiba tana daga bakin kicin tana ba da amsa, zuciyarta fal da farin ciki. Shi ne mutumin gida na farko da ya ɗauki sana'arta da daraja.

Bayan kwana biyu ya sanar cewa zai dira. Munzali ya ce to sai a ɗaure shi da malami su sauko tare. Baba ya ce shi ba jinjiri ba ne da wani ƙato zai rungume shi a ƙirji. Da laimarsa zai sauko, kamar da. Likita ya duba shi ya ce zuciyarsa ta fi ta ɗansa lafiya. Haka ya shiga ajin Najiba, cikin samari da 'yan mata Turawa da ya yi jika da su.

Ajin bai ba ta wuya ba da farko. Da Turanci take koyarwa, kuma ɗalibai take fuskanta gaba ɗaya, idonta ba ya sauka a kansa. A darasin faɗuwa ƙasa, Baba ya haɗe ƙafafu ya mirgina ya miƙe tsaye kafin yaran su gama gyara tsayuwa, har suka tafa masa.

Sai aka zo wurin ɗamarar gwaji. Wannan ɗamara ce da aka rataye a rufin rumfa, ɗalibi ya shiga yana lilo kamar yana sama, a gwada abin da zai yi idan babbar laima ta buɗe a harɗe. A kayan yanzu laima biyu duk a baya suke, babba da ta ko-ta-kwana, mariƙansu kuma a ƙirji. Sai ka ja na dama ka rabu da wadda ta lalace, sannan ka ja na hagu ta ko-ta-kwana ta buɗe. A kayan sojan da Baba ya sani, ta ko-ta-kwana a kan ciki ake ɗaure ta.

In an yi a hankali, Baba ba ya kuskure. Amma da Joel, mai filin, ya girgiza ɗamarar ya daka masa tsawa, sai hannun Baba ya faɗa kan cikinsa yana laluben abin da babu. Ya ankara, ya gyara, ya yi dariya. Aka sake, hannun ya sake komawa can.

Joel ya ja Najiba gefe ya ce tsohon yana saurin gyarawa, amma ajinta ne, ita za ta yanke. In ta ga ba zai hau ba, shi zai iya gaya masa don ya rage mata nauyi. Ta ce a'a. Ta san Baba zai ɗauka Bature ne ya raina shekarunsa, ya tafi wani filin inda ba wanda ya ga hannun nan.

Munzali ma ya same ta a bayan rumfa. Ya ce ba kasafai laima ke harɗewa ba, ga malamai biyu da za su riƙe Baba a sama, kuma tsohon ya riga ya buga wa abokansa na Katsina waya, kowa na jiran bidiyo. Ta ce malaman suna tare da shi ne kafin laima ta buɗe, bayan nan shi kaɗai ne, kuma laimar da ta harɗe juya mutum take kamar dutsen niƙa, ba ta ba shi lokacin yin dariya ya gyara. Ya ce to ta ce iska ta yi ƙarfi. Ta ce gobe kuma fa? Ta roƙe shi ya je ya gaya wa mahaifinsa gaskiya, tunda shi ne bakinsu. Munzali ya kalli ƙasa ya ce shi bai iya ba.

Ta tarar da Baba a kan benci yana ɗaure igiyar takalmi, jakar laimar ɗalibai a gefensa. Ta durƙusa a kan siminti yadda take yi in za ta gaishe shi.

"Baba, ba za ka hau jirgin nan yau ba."

Ya waiwaya wajen ɗansa. "Me ta ce?"

"Da kai nake, Baba. Hannunka ciki yake zuwa. Babu komai a can."

"Munzali, gaya mata tun ba a ɗaura auren uwarta ba nake dirowa daga jirgi."

"Haka ne, Baba. Shi ya sa hannun ya ƙi mantawa."

Ya miƙa hannu zai ɗauki jakar. Ta riga shi, ta saɓa ta a kafaɗa, ta miƙe tsaye a kansa tana kallonsa ido cikin ido. Ba ta ajiye jakar ba. Ɗaliban ba sa jin Hausa, duk da haka suka tsaya suna kallo.

Suka koma Woodbridge. Ta tuƙa tuwo, Baba bai taɓa ba. Washegari ya haɗa kayansa ya koma Bowie, gidan 'yarsa Humaira. Kafin azahar waya ta fara shigowa daga Katsina. Gwaggonnin Munzali ba su damu da laima ba, abin da ya tsaya musu shi ne yarinya ta miƙe a kan surukinta ta zuba masa ido a gaban Turawa. Ɗaya ta ce dama an faɗa, macen da ke faɗowa daga sama ba ta da sauran abin jin kunya.

Humaira ta kira ta ce ta zo ta ba da haƙuri a wuce wurin. Najiba ta je. Ta durƙusa a bakin ƙofar falo, kanta a ƙasa, ta ce wa Humaira ta gaya wa Baba tana neman gafara kan idonta da bakinta. Humaira ta ji daɗi, ta tambaya ko ke nan Asabar zai hau. Najiba ta ce ba ta ce haka ba. Ido da baki ta kawo, maganar jirgi tana nan yadda take.

Kowa ya ɗauka an gama. Sai ga shi ranar Asabar Humaira ta sauke Baba a filin. Bai dubi inda Najiba take ba. Ya wuce wurin Joel ya ce a rataye shi. Haka ya yi ta zuwa, mako bayan mako, yana lilo a ɗamara har gumi ya jiƙa masa riga: dama, hagu, dama, hagu. Tana daga nesa a kan gwiwoyinta tana naɗi, tana satar kallonsa ta ƙarƙashin hannu. Hannun ya fara jin magana. Ba wanda ya kai ta son ya ci wannan gwajin.

Asabar ta ƙarshe kafin ya koma gida, iyalin duka suka zo, jikoki riƙe da wayoyi. Sama garau, iska a kwance. Joel ya girgiza shi, ya yi daidai. Ya sake, ya yi daidai. Baba ya saki jiki yana lilo, yana ba Joel labarin wani kofur da iska ta taɓa ajiyewa a kan rufin kasuwa. Najiba ta san Joel yana ɗaga kafaɗa kafin ya girgiza mutum, ta kuma san tsohon soja ya gano haka. Ta zagayo ta baya ba tare da ya gan ta ba, ta kama ɗamarar da hannu biyu, ta wulwula shi da dukan ƙarfinta.

Hannun ya faɗa kan ciki. Ya tsaya can kamar tsawon numfashi ɗaya, sannan ya hau ƙirji, dama, hagu. Jikoki suka yi ta tafi. Joel yana gefen da bai gani ba, Munzali ma haka. Da ɗamarar ta tsaya, Baba yana fuskantar ta, kuma a fuskarsa ta ga ya san ta gani. Da ta yi shiru, ba mai cewa komai, gwaggonni su sauko, tuwonta ya ciwu. Ta girgiza wa Joel kai, alamar Baba bai ci ba.

Ya kwance ɗamarar da kansa, ya ƙi hannun Joel. Ya ce wa Munzali ya gaya wa matarsa ta samu abin da take so. Ya koma Katsina bai yi mata sallama ba.

Tun daga nan in ya bugo waya yakan tambayi kowa, har maƙwabcinsu da ya taɓa ara masa lemar ruwa, ban da ita. Wata Lahadi bayan sun gama magana da Baba, Munzali ya ajiye wayar a kan tebur ya ce da ta kau da kai a ranar, wataƙila da ba abin da zai faru. Ta ce wataƙila. Ta ce fushin da Baba yake yi, da ransa yake yin sa, kuma za ta iya ɗauka.

"Ka gaya masa in ya dawo baɗi ɗamarar tana nan. In hannun ya gyaru, ni da kaina zan naɗe masa laima. In ya koma ciki, zan sake hana shi."

"Wannan saƙon ba da bakina ba, Najiba."

Ta ɗauki wayar daga kan tebur ta danna lambar Baba. Wayar ta yi ta ƙara har ta kusa katsewa, sannan aka ɗauka. Ta yi sallama, ta ce ita ce. Bai amsa ba. Tana jin rediyonsa da kukan awaki a tsakar gida. Ta jira ya kashe wayar, bai kashe ba, sai ta gyara zama ta fara faɗa masa.